Shekarar haske da baƙin rami: daga ina daɗin sunayen kimiyya yake fitowa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a makarantar koyon aikin jinya, kuma ina ɗan taɓa rubuta waƙa. Idan ana darasi aka ambaci kalma irin 'garkuwar jiki' ko 'rabin rayuwar magani', sai hankalina ya bar aji ya bi kalmar. Har na cika bayan littafina da su: shekarar haske, baƙin rami, tauraruwa mai wutsiya. Ƙawata ta ce shirme nake yi, wai kimiyya ba ruwanta da daɗin baki. Shin da gangan masana suke zaɓen sunaye masu daɗi, ko kunnena ne kawai? Kuma in na sa su a waƙa, ba za a ce me ya haɗa kifi da kaska ba?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki kuskura ki yaga bayan littafin nan. Ni ma ina da irinsa, kuma nawa ya girme ki. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina koyar da fiziks a sakandare, a tsakiyar haka kuma na ɗauki wasu shekaru ina taya wani gidan rediyo shirya shirin kimiyya da Hausa, inda kullum sai mun yi gumi kafin mu samo wa baƙon abu suna. In na fahimce ki, abu uku kike nema: inda daɗin yake fitowa, ko da niyya ake yi, da kuma ko mawaƙi yana da hurumin taɓa waɗannan kalmomi. Ƙawarki tana da gaskiya a wuri ɗaya, zan zo kansa, amma ba wurin da take zato ba ne.

Baƙon abu, sunan gida

Mai binciken da ya ga abin da ba a taɓa gani ba, shi da mawaƙi jirgi ɗaya ya kwaso su. Ga abu a gabansa, babu suna, kuma ba shi da wani rumbun kalmomi sai wanda ya tashi ya tarar a gidansu. Dole ya ɗauko sunan abin da ya sani ya yafa wa wanda bai sani ba. A 1665 Robert Hooke na Ingila ya yanko ɓawon itacen da ake toshiyar kwalba da shi, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga 'yan ramuka jere reras kamar ɗakunan kwana. Sai ya kira su 'yan ɗakuna. Sunan nan ne ya bi ƙwayoyin halitta har yau, kalmar "sel" da kuke maimaitawa a aji ma'anarta ke nan.

Wanda ya fi burge ni shi ne aljabara. Al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya kira ɗaya daga cikin dabarunsa "al-jabr". Kalmar a Larabci tana nufin mayar da karyayyen abu yadda yake, wato ɗori. Idan an cire wani adadi a gefe ɗaya na lissafi, sai a mayar da shi ta ɗaya gefen, ƙashi ya koma mazauninsa. Nakan gaya wa ɗalibaina masu kuka da aljabara cewa aikin maɗori ake koya musu, su yi haƙuri, ai ɗori ba ya rasa zafi.

Ki dubo namu na gida. Wanda ya fara cewa "jirgi mai saukar ungulu" ya taɓa tsayawa a bakin mahauta ya ga yadda ungulu take saukowa tsaye, ba gudu ba sharar fage. Ya kwatanta injin da tsuntsuwar da kowa ya raina, kuma babu injiniyan da zai iya gyara masa bayanin. "Yanar gizo" ma haka: zare ya kama zare, ka taɓa nan can ya motsa, ga kuma Gizo na tatsuniya, gwanin wayo da yaudara, yana laɓe a cikin sunan, wanda duk mai hulɗa da intanet ya san bai shigo a banza ba. "Ɗan sama jannati" kuwa har da ɗan barkwanci a ciki. Rashawa sun harba tauraron ɗan Adam na farko a watan Oktoba na 1957, suka sa masa Sputnik, wato abokin tafiya, Yuri Gagarin ya zagaya duniya a 1961. Ki auna halin mai fassara labarai a wannan zamani: abu ya faru yau, da yamma za a karanta, babu ƙamus ɗin da ya san da zancen. Abin da ke bakin mutane shi zai ɗauko, kuma sunan da ya zauna daidai a harshe shi ne yake rayuwa.

Malaman adabi suna da sunaye ga wannan dabara: siffantawa, mutuntarwa, dabbantarwa. "Dutse mai aman wuta" an ba dutse ciki da maƙogwaro. "Garkuwar jiki" ta mayar da jikin mutum fagen fama. Hausa kuma ta sauƙaƙa aikin da ɗan harafin nan na mallaka, -n ko -r, wanda yake ɗaura aure tsakanin kalmomi biyu da ba su taɓa gaisawa ba. Baka na maharbi ne, Gizo na tatsuniya, amma da aka ce "bakan gizo" sai ga shi a sama bayan ruwa. Don haka kunnenki lafiyarsa lau. Abin da kika ji siffantawa ce, irin wadda kike nema da fitila idan kin zauna rubuta waƙa, sai dai wannan an yi ta ne don aiki.

Sauti da nauyi

Akwai kuma rabon kunne zalla. Ki furta "zaizayar ƙasa" a hankali, za ki ji ruwa yana gaigayar gaɓa. "Girgizar ƙasa" tana rawa a baki. "Kwararowar hamada" ta fi su duka, don rairayi ne kike ji yana zubowa, ga "r" tana bin "r". "Sararin samaniya" kuwa tana buɗe baki har sai numfashi ya ƙare. Maimaita gaɓa tsohuwar dabarar Hausa ce ta nuna abin da ke faruwa a kai a kai, su kuma al'amuran duniya yawancinsu haka suke, kaɗan-kaɗan, ba fashi.

Amma a ganina babban sirrin ba a sauti yake ba. Yana cikin tazarar da ke tsakanin ƙanƙantar kalma da girman abin da aka ɗora mata. Ɗauki "shekarar haske". Kalmomi biyu ne da yaron goye ma ya kusa saninsu. To, haske yana cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan minti takwas da 'yan daƙiƙu yake yi. Ki bar shi ya yi ta gudu shekara guda cur ba hutawa, nisan da ya ci, kilomita wajen tiriliyan tara da rabi, shi ne shekarar haske ɗaya. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana yana nisan huɗu da ɗan ɗori. Kin ga an ɗauko abin da hankali ba ya iya ɗauka an ƙulle shi a bakin zane kamar goro.

Kuma ga abin da ya bambanta wannan da kambamawar mawaƙi. Idan maroƙi ya ce wa ubangidansa "giwa", kowa ya san mutum ne, ana jin daɗi ne kawai. Idan masanin taurari ya ce "shekarar haske", babu ƙari ko na taƙi ɗaya, ana iya aunawa. Magana ta zo da kamannin waƙa, ki bincika ki tarar gaskiya ce tsagwaronta. Wannan ne yake tayar da tsigar jiki.

"Ƙwayar zarra" ma, wato atom, 'yar mitsitsin abar nan da komai na duniya ya ginu da ita, tana da irin wannan nauyi, ta wata fuskar. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san "misƙala zarratin" a ƙarshen Izazul, kuma masu tafsiri sun fassara zarra da 'yar ƙaramar tururuwa, ko ƙurar nan da ake gani tana yawo idan rana ta shigo ɗaki ta taga. Da aka ara wa kimiyya kalmar, ta taho da duk wannan a bayanta. Shi ya sa take da kwarjinin da "atom" ba ta da shi a kunnen Bahaushe.

Da gangan ne?

Wani lokaci e, sau da yawa a'a. Sunan "babbar fashewa" da ake kiran farkon buɗewar sararin samaniya da shi, masanin taurari Fred Hoyle ne ya furta shi a wani shirin rediyon BBC a 1949, alhali shi bai ma yarda da ra'ayin ba, har ya mutu yana musunsa. Sunan ya kama, ya bar mai shi a baya. Lambobin da ake kira "na ƙage" ko "na mafarki" a lissafi, Descartes, masanin lissafi ɗan Faransa, shi ne ya laƙaba musu sunan a 1637 don raini, yau kuwa injiniyan lantarki ba ya rabuwa da su.

Akwai kuma waɗanda da saninsu suka yi. Giovanni Riccioli, wani limamin Kirista ɗan Italiya, ya fitar da taswirar wata a 1651, ya raba wa baƙaƙen filayen da muke gani a fuskarsa sunaye: Tekun Natsuwa, Tekun Ruwan Sama, Tekun Guguwa. A Tekun Natsuwa kumbon Apollo 11 ya sauka ranar 20 ga Yuli, 1969. Babu ko ɗigon ruwa a wurin, narkakken dutse ne da ya malala ya daskare tun fil azal, amma babu wanda ya yi tunanin sauya sunan. Murray Gell-Mann kuma, da ya kawo ra'ayin 'yan mitsi-mitsin da ke cikin ƙwayar zarra a 1964, ya kira su "kwak", rubutun kalmar ma daga littafin marubucin Ayalan James Joyce ya ɗauko shi. Irinsu shida ne, a ciki akwai wanda ake kira "baƙo" da "mai ban sha'awa", biyun ƙarshe kuma an ɗan jima wasu na kiran su "gaskiya" da "kyau" kafin a tsaya a kan "na ƙoli" da "na ƙarƙashi". Ni dai na yi takaicin wannan canji.

Na taɓa shiga irin wannan taƙaddama da kaina. Ranar 10 ga Afrilu, 2019 aka fitar da hoton baƙin rami na farko, wanda ke nisan shekarar haske miliyan 55. Muna ɗakin shirye-shirye, shayi ya huce a kofuna, muna ta ja-in-ja. Wani dattijo da ya daɗe yana karanta labarai ya cire tabarau ya ce, "Ku yaran nan, ai Hausa ta riga ta gama wannan aiki. Rijiya gaba dubu." Ɗakin ya yi tsit, don kowa ya ji daɗinta. Ni ne na ƙi. Na ce, Baba, rijiya komai zurfinta ana zura guga a jawo, wannan kuwa ko haske ya shiga ba ya fitowa, shi ya sa yake baƙi. Muka tsaya a kan "baƙin rami", fassarar sunan Turancin da masanin fiziks John Wheeler ya yayata a 1967. Kafin nan masanan Rasha "daskararren tauraro" suke cewa. Har yau in na tuna, sai in ji kamar dattijon ya fi ni gaskiya ta wajen kunne, ni kuma na fi shi ta wajen fiziks, kuma ba mu da sunan da ya haɗa biyun.

Inda ƙawarki take da gaskiya

Suna mai daɗi yana iya yaudara, don yakan sa mutum ya ji kamar ya gane alhali bai ko shiga zaure ba. Baƙin rami ba rami ba ne. Abu ne mai nauyi da aka matse a ƙanƙanin wuri: da za a dunƙule duniyar nan tamu har ta koma kamar 'yar ɗinya, da ta zama shi. "Atom" a Girkanci na nufin abin da ba ya yankuwa, sai ga shi an fasa shi a Jamus a 1938, abin da ya kai mu ga wani suna mai kyawun ƙira da munin ma'ana, makamin ƙare-dangi.

Wata rana na gama bayanin shekarar haske a aji, na ga kowa yana gyaɗa kai, sai na tambayi wani yaro a bencin baya ya maimaita mini da Hausa. Ya miƙe ya ce, "Malam, ita ce shekarar da aka yi ba a ɗauke wuta ba." Aji ya kece da dariya, ni ma na dara. Amma da na bi su ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabinsu sun ɗauka lokaci ake aunawa da ita, ba nisa ba. Kalmar "shekara" ta rinjayi duk abin da na rubuta a allo.

A fagenki abin ya wuce dariya. "Hawan jini" suna ne mai kyau, gajere, mai hoto. To amma za ki haɗu da majinyacin da ya fahimce shi a kan jini ne ya yi masa yawa, ya tafi wajen wanzami a yi masa ƙaho a rage, ya ajiye ƙwayoyinsa. Alhali zancen na ƙarfin da jini yake tura bangon jijiya ne. A nan aikinki ne ki warware sunan, ki ce masa: Baba, ka ga tiyon ban-ruwa idan an matse bakinsa? A wani wurin kuma Hausa ce ta yi zarra. "Maleriya" daga Italiyanci take, ma'anarta mummunar iska, don a da an ɗauka tururin fadama ke kawo ta, sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya. Mu kuwa da muka ce "zazzaɓin cizon sauro", sunan kaɗai ya yi rabin aikin wayar da kai.

Sa su a waƙa

Ki sa su, babu wanda ya hana. Kifi da kaska sun daɗe da haɗuwa. Malamanmu na zaure sun yi ta lissafin damina da taurari ashirin da takwas, kowanne kwana goma sha uku, kuma sunayen kansu hoto ne: Zira'a damtsen zaki ce, Ɗarfa idonsa, Jabaha goshinsa. Ilimin awon waƙa ma haka. Khalil ɗan Ahmad na Basra, wanda ya tsara aruli a ƙarni na 8, daga tantin Balaraben ƙauye ya kwaso kalmominsa: baiti gida ne, sababi igiya, watadi turke, kowane kari kuma ya kira shi bahar, wato teku. Mu ma da muka ce "jigon waƙa", daga lambu muka ɗauko, itacen nan da ake ɗebo ruwa da shi. Duk sana'a haka take. Maƙeri yana da uwar maƙera, bakanike zai ce miki mota tana tari.

Sharaɗina ɗaya ne, kuma a kansa nake yi wa ɗalibaina masu waƙa tsanani: ki san yadda abin yake aiki kafin ki are shi. Na sha karanta waƙoƙin matasa da aka barbaɗa musu "maganaɗisu" da "baƙin rami" kamar yaji a kan tsire, ka cire kalmar ka sa "duhu" ko "ƙauna" babu abin da ya ragu. Wannan ado ne kawai. Amfanin kalmar kimiyya a waƙa shi ne ta kawo wata gaskiya da ba ki da hanyar faɗinta in ba da ita ba.

Ga "rabin rayuwa" da kika ambata. Kin san ma'anarta: lokacin da magani yake ɗauka kafin yawansa a jini ya ragu da rabi. Na farasitamol awa biyu zuwa uku ne, na sinadarin kabon-14 da ake gane shekarun tsofaffin ƙasusuwa da shi shekara 5,730. Abin lura shi ne yadda ragin yake tafiya. Rabi ya tafi, sai rabin abin da ya saura, sai rabin wannan. Bayan zagaye biyar abin da ya rage kashi uku da ɗan ɗori ne kawai cikin ɗari, amma a lissafi ba ya taɓa kaiwa babu. Yanzu ki tuna wanda ya yi rashin uwa. Shekarar farko ba ya barci, ta biyu da sauƙi, bayan shekara goma yana dariya da mutane, sai ranar Sallah ƙamshin wata miya ya bugo shi. Kewa tana raguwa da rabi, rabin ma ya rabu, amma ba ta ƙarewa. Wannan ba waƙa ba ce tukuna, ƙashinta ne, ke za ki sa mata tsoka. Amma kin ga sai wanda ya fahimci lissafin ne zai iya hango ta.

Haka tauraruwa mai wutsiya. Kowa ya san kirarinta, ganinki ba alheri ba. Wanda ya karanta kuwa ya san ƙanƙara ce da ƙura, ba ta da wutsiya sai ta kusanci rana, kuma wutsiyar kullum tana fuskantar nesa da rana, ta yadda idan tana komawa wutsiyar ce a gaba. Ta Halley ta zo a 1986, sai 2061 kuma. Abin da ba ya yin kyau sai ya kusanci wutar da ke cinye shi, ai ba sai na gaya wa mawaƙiya abin da za ta yi da wannan ba.

Iyakata a nan ita ce ni malamin fiziks ne, aruli a gefe na tsince shi. Yadda za ki zaunar da doguwar kalma irin "maganaɗisu" a cikin kari ba tare da ɗango ya karye ba, wannan ki kai wa masu abin, su sa miki kunne. Daɗin kalma kuma ba a yi masa ma'auni, wadda ta sa ni tsayawa wataƙila ke ki wuce ta ko waiwaye babu.

In hunturu ya shigo, wajen Disamba ko Janairu, ki fita tsakar gida bayan sallar isha'i a daren da ƙura ta lafa, ki ɗaga kai sama sosai. Za ki ga wani ɗan cincirindon taurari, shi ne kakata take nuna mini tana cewa kaza da 'ya'yanta, malamai kuma su ce Surayya. Hasken da zai shiga idonki ya baro can shekara wajen 440 da suka wuce, tun kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da fiye da shekara ɗari da hamsin. Daga gabas da su akwai wani tauraro ja-ja, Dabaran, ma'anarsa mai bin baya, don kullum yana biye da kazar. A ido kamar ya kusa cim mata, amma nisansa daga nan shekarar haske 65 ne kacal, ko unguwa ɗaya ba su haɗa ba. Yawancin mutane 'yan tsaki shida suke iya ƙirgawa. Ki rubuto mini nawa kika gani.